Koyar da 'Ya'ya a Gida a Iyalin Kirista: Daga Shawarar Farko Zuwa Ɗakin Jarrabawa

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, iyaye da yawa suka gane cewa yaro na iya karatu a tsakar gida idan akwai mai tsaya masa. Wasu kuma ba cuta ce ta kai su ga wannan tunani ba. Wanda ya san abin da ya faru a Chibok a 2014, ko yadda aka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun a jihar Kaduna cikin Yulin 2021, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan uwar da ta ƙi sakin ɗanta zuwa makarantar kwana. Ga tsadar makarantun kuɗi, ga azuzuwan gwamnati da suka cika maƙil, ga iyalan da rikici ya raba da garuruwansu, ga masu aikin bishara da ke zaune a ƙauyen da babu makaranta kusa. Akwai kuma waɗanda burinsu shi ne yaro ya tashi cikin tsoron Ubangiji a gaban idonsu.

Duk waɗannan dalilai ne masu nauyi, amma dalili komai kyansa ba ya koya wa yaro karatu. Abin da ke koya masa shi ne babba guda da zai zauna da shi kowace safiya, da littafi, da jadawali, da hanyar da za ta kai shi ga takardar shaida. In babu waɗannan, to an cire yaro daga makaranta ne kawai.

Mataki na farko: ku zauna ku biyu

Kafin a sayi ko fensir ɗaya, maigida da uwargida su zauna su yi addu'a, sannan su amsa tambaya ɗaya ba tare da kwana-kwana ba: wane ne zai koyar? A kira suna. Idan Mama ce, me zai faru da shagonta, ko ɗinkinta, ko gonarta daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu? Kuɗin da take samu a wannan lokaci shi ne ainihin kuɗin makarantar gida, kuma sau da yawa ya fi kuɗin littattafai nesa ba kusa ba. Idan Baba ne zai riƙa ɗaukar lissafi da yamma, a tabbata aikinsa yana barinsa ya dawo da wuri.

Kada a ɗora wannan kaya a kan babbar 'ya. Yarinya 'yar shekara goma sha uku da aka tsayar a gida don ta koyar da ƙannenta, ta yi wanke-wanke, ta goyi jariri, an kashe mata nata karatun ne, ko da da sunan Allah aka yi.

Ku yanke shawara ta shekara ɗaya tak, ku rubuta ranar da za ku sake zama ku duba ko abin yana tafiya. Idan kun auna kun ga ba za ku iya ba, babu abin kunya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuna iya barin yaran a makaranta ku ɗauki rabin abin da ke cikin wannan jagora ku riƙa yi da yamma da ranar Asabar.

Mataki na biyu: ku san matsayinku a gaban doka

Dokar ilimin bai ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin ganin ɗansu ya halarta ya kammala. Wanda aka kama da saɓa mata, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Dokar ba ta shimfiɗa wata hanya ta musamman ga masu koyarwa a gida ba. Wannan ya bambanta da Amurka, inda dukan jihohi 50 suka halatta karatun gida, shi ya sa bai kamata a kwashi shawarar da aka gani a bidiyon wani iyali na can a zuba a Kafanchan ko Billiri ba tare da tacewa ba.

Abin yi shi ne kada ku ɓuya. Ku je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, ku bayyana halin da kuke ciki, ku nemi shawararsa, ku kuma ajiye kwafin duk takardar da kuka rubuta. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ku ƙulla yarjejeniya da wata makaranta mai rajista, sau da yawa ta ikilisiya, wadda za ta sa sunan yaron a littafinta, ya riƙa zuwa yana rubuta jarrabawar ƙarshen zango, karatun yau da kullum kuma a gida. Ba kowane shugaban makaranta zai yarda ba, amma fasto ko wani dattijon ikilisiya zai iya shige muku gaba. A wannan lokacin ne kuma za ku nemi takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ta kowane yaro. Za a tambaye ku su nan gaba, kuma neman su a makon rufe rajista azaba ce.

Mataki na uku: ku fara daga ƙarshe ku dawo baya

Ku ɗauki takarda ku rubuta ƙofofin da yaron zai bi. A ƙarshen aji shida akwai jarrabawar shiga sakandare, har da wadda NECO ke shiryawa don makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya. A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare akwai jarrabawar kammalawa ta BECE, wadda ta hannun makaranta ake yi wa rajista, kuma a nan ne yarjejeniyar nan ta mataki na biyu za ta yi muku rana. A ƙarshen sakandare ƙofa ta fi faɗi: WAEC na da jarrabawar masu zaman kansu, wadda kowa ya fi sani da GCE, NECO ma na da tata ta 'yan waje, kuma ba sai yaro ya fito daga wata makaranta zai zauna su ba. Mai son sana'ar hannu yana da jarrabawar NABTEB. Jami'a na neman kiredit biyar har da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni, sannan JAMB, wadda a kwamfuta ake rubuta ta, ba a kuma yi mata rajista sai da NIN. Saboda haka yaron da ya kai shekara goma sha biyu bai taɓa danna madannin kwamfuta ba, akwai aiki a gabanku, ko da kuwa shagon kwamfuta za ku riƙa kai shi sau ɗaya a mako.

Mataki na huɗu: manhaja da littattafai

Manhajar ƙasa hukumar NERDC ce ke tsara ta, takan kuma sauya, don haka ku nemi ta yanzu. Hanya mafi sauƙi ita ce ku roƙi wani malami a cikin ikilisiyarku ya ba ku tsarin darussan zango na ajin ɗanku, mako-mako, ku yi masa kwafi. Ku sayi littafi ɗaya mai kyau na kowane darasi daga jerin da makarantun jiharku ke amfani da shi. Na hannu ma ya isa, in dai shafukan sun cika.

Za ku ji ana yabon littattafan Kirista na Amurka irin su Abeka da ACE. Suna da tsari, suna kuma cike da ayoyi, amma da dala ake sayen su, tarihin da ke ciki na Amurka ne, awon da ke ciki inci ne da mil, kuɗin kuma dala da santi. Yaron da zai zauna WAEC yana bukatar ya san mita da kilo da naira, ya san Binuwai da Neja, ya san 1914 da 1960. Idan wani ya ba ku su kyauta, ku karɓa ku ƙara da su. Ban ga dalilin cin bashi dominsu ba.

Mataki na biyar: wuri da lokaci

Ba kwa bukatar ɗaki na musamman. Ku zaɓi bango ɗaya a zaure ko baranda, ku shafa masa baƙin fentin allo, ku sayi kwalin alli. Tebur ƙarami ko benci, da akwati mai murfi inda littattafai za su kwana nesa da ɓera da hannun ƙarami. Abin da ya fi wurin muhimmanci shi ne lokaci. Yara su yi wanka, su ci abinci, su canja kaya kamar masu fita. Wayar mai koyarwa ta shiga ɗaki. Maƙwabta su san cewa daga takwas zuwa sha ɗaya ba a aiken yaran gidan nan, ba a kuma zuwa hira. Makonnin farko za a ce kuna da girman kai, daga baya za a saba.

Ga yadda safiya za ta iya kasancewa. Ƙarfe bakwai da rabi sujada ta minti goma sha biyar. Takwas lissafi, tun kai yana sanyi. Tara saura kwata karatu da rubutu. Sai hutu na gaske, a waje, da gudu da tsalle. Bayan hutu darasi ɗaya daga cikin kimiyya, tarihi, zamantakewa ko ilimin addinin Kirista, ana juya su cikin mako. Ɗan shekara shida sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishe shi, domin malami guda ne a kan yaro guda, babu kiran suna, babu jiran mutum sittin su gama kwafa. Ɗan aji biyar ko shida zai kai sa'a uku zuwa huɗu. In yaran sun kai uku, ku haɗa su a sujada da tarihi da kimiyya, ku raba su a lissafi da karatu: yayin da kuke tare da ƙarami, babba yana aikin da aka ba shi a rubuce.

Ku bi kalandar makarantun jiharku ta zango uku, don hutunsu ya zo daidai da na abokansu. Iyalin manoma kuma su tsara tun farko cewa makonnin shuka da girbi karatu zai ragu, a rama a rani.

Mataki na shida: koyar da karatu da lissafi

Nan ne gindin komai, don haka kada a yi gaggawa. Ku fara koya wa yaro karatu da harshen da yake mafarki da shi. In Hausa ce, kun yi sa'a, domin yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. A fara da wasula biyar, a e i o u, har sai ya gane su a birkice. Sai baƙi ɗaya a rana ko a kwana biyu: ba be bi bo bu. Da zarar ya samu b da m da n da k, ya riga ya iya karanta baba, mama, nama, kaka, keke, nono. Ku rubuta masa "Kaka na neman nama" a bango, ku ja baya, ku bar shi ya yi kokawa da ita da yatsa. Kada ku faɗa masa. Za ku ga leɓɓansa na motsi, ya haɗa ka da ka, sai ya ɗago kai da sauri don ya ji sunan kakarsa ya fito daga bango. Daga ranar ba za ku sake roƙonsa ya zo karatu ba.

Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ku koyar da su bibbiyu da takwarorinsu: kasa da ƙasa, bata da ɓata, kafa da ƙafa. Hausar da muke yi a Jos da Kudancin Kaduna ba kullum take raba su a baki ba, to amma Littafi Mai Tsarki da littattafan makaranta suna raba su a rubuce, yaro ya saba tun da wuri. In kuma harshen gidanku Tangale ne ko Berom ko Bura ko Tyap, ku ci gaba da yi masa magana da shi, ku nemo Sabon Alkawari na harshen idan akwai.

Turanci kuma a fara shi da kunne da baki tun ranar farko, ta waƙa da labari da sunayen abubuwan gida, sannan a shiga karanta shi da sautin baƙaƙe bayan karatun Hausa ya zauna. Kada a yi sakaci da shi, domin da shi za a rubuta dukan jarrabawar da muka lissafa. Daga aji uku zuwa sama yaro ya riƙa karanta shafi ɗaya da ƙarfi kowace rana, ya kuma rubuta jimla biyar daga kansa.

Lissafi a hannu yake shiga kafin ya shiga kai. Ku karya tsinken tsintsiya, ku ɗaure goma-goma da roba. In za a cire 7 daga 32, ku ajiye ɗauri uku da tsinke biyu a gabansa. Zai ga biyu ba za su isa ba, sai ya kwance ɗauri guda da hannunsa, ya samu goma sha biyu, ya cire bakwai, ya rage ɗauri biyu da tsinke biyar. Abin da malamai ke kira aro ke nan, kuma yaron da ya kwance robar da kansa ba ya mantawa. Ku aike shi kanti da naira 1,000 ya lissafa canji kafin mai kanti ya miƙo. In an ba shi naira 200, ya fitar da zakkarsa, kashi ɗaya cikin goma, ya ga naira 20 ce. Jadawalin ninkawa kuwa sai hadda, babu wata dabara, minti biyar kullum har ya kai sha biyu.

Kimiyyar firamare tana tsakar gida: wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado, a auna tsawonsu da rula a rubuta. Amma in an kai kimiyyar sinadarai da fiziks da lissafin babbar sakandare, yawancin iyaye sun kai iyakarsu. A nemo malami a biya shi, ko ɗan bautar ƙasa da ke sujada tare da ku, a kuma roƙi wata makaranta ta bar yaron ya shiga ɗakin gwaje-gwajenta.

Mataki na bakwai: Maganar Allah a cikin ranar

Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune a gida, a kan hanya, a kwanciya da tashi. Timoti ma tun yana ƙarami ya san Littattafai, bangaskiyar kuma daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta biyo. Da yawa daga kakanninmu a ajin karatu na coci suka koyi boko don su karanta Littafi Mai Tsarki da kansu, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa a 1932. Ashe ba baƙon abu kuke shirin yi ba.

Sujadar safe ta zama gajeriya: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, 'yan ayoyi, yaro ɗaya ya yi addu'a. Ku bi littafi guda daga farko zuwa ƙarshe, Bisharar Markus ta dace da farawa don labari ne mai gudu. Aya ɗaya a mako don hadda, a hankali a kai ga Addu'ar Ubangiji, Dokoki Goma da Zabura 23. Mai koyon karatu ya karanta ayar da kansa, ko da zai ɗauki minti uku.

Abu biyu nake roƙo. Kada sujada ta cinye lokacin lissafi. Yaron da ya haddace Zabura ashirin bai iya rabawa ba, an cuce shi. Sannan kada a ɓoye masa abin da ke cikin manhaja don kuna da ja a kansa. In darasin halittu ya zo da bayanin da bai yi daidai da fahimtarku ta Farawa ba, ku koya masa yadda littafin ya faɗa, ku gaya masa abin da kuka gaskata da dalilinku, ku bar shi ya yi tambaya. Gara ya fara jin tambayar a gabanku da ya fara jin ta a jami'a shi kaɗai.

Mataki na takwas: horo

A makaranta, in malami ya ɓata wa yaro rai, yana da uwar da zai koma wurinta. A gida malamar ita ce uwar. Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 duk sun gargaɗi iyaye kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi ko su karai. Rashin ganewa ba laifi ba ne, kada a daki yaro a kansa. In kun bayyana abu sau uku bai shiga ba, ku rufe littafin, ku sha ruwa, gobe ku zo masa ta wata hanya. Kada kuma a mai da haddar aya ko karatun Littafi Mai Tsarki hukunci. In yaro yana matse ido a gaban allo, ko ya kai shekara takwas yana juya baƙaƙe duk da ƙoƙari, a kai shi asibiti a duba ido da kunne kafin a kira shi malalaci.

Mataki na tara: mutane

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku nemi iyali biyu ko uku masu irin wannan niyya, ku roƙi ɗakin Makarantar Lahadi kwana ɗaya ko biyu a mako. Wadda ta iya Turanci ta ɗauki Turanci, nas ta ɗauki kiwon lafiya, kafinta ya nuna awo. Zumuntar Mata wuri ne mai kyau na fara wannan magana. Yara su shiga Boys' Brigade ko Girls' Brigade, ƙungiyar mawaƙa, da ƙwallon unguwa, su koyi bin umarnin babban da ba iyayensu ba, su yi faɗa da sa'anninsu su shirya.

Kada kuma katangar gida ta zama katangar zuciya. Yaran nan a Arewa za su yi kasuwa, su yi aiki, su yi bautar ƙasa, tare da Musulmi. Su san sunan maƙwabtansu, su iya gaisuwa yadda ta dace, su kai abincin Kirsimeti su karɓi naman Sallah. Yaron da aka rena da tsoron duk wanda ba ɗan cocinsu ba, zai sha wuya wajen ƙaunar maƙwabci kamar kansa.

Mataki na goma: rubuta komai, a kuma gwada

Kowane yaro ya samu fayil. A ciki: rajistar kwanakin karatu, abin da aka koyar kowane mako, gwajin ranar Juma'a da makinsa, da littattafan rubutun da suka cika, da kwanan wata a kowane shafi. A ƙarshen zango ku karɓo takardun jarrabawar ajinsa daga wata makaranta, ya rubuta da agogo a gabansa, wani malami daban ya duba. Idon uwa yana da tausayi, yakan ga amsar da yaro ya yi niyya maimakon wadda ya rubuta.

In sakamako ya nuna yana baya a zango biyu a jere, ko mai koyarwa ta yi rashin lafiya, ko an samu ƙaruwa a gidan, ko yaron ya fara janye jiki daga mutane, to a mayar da shi makaranta ba tare da jinkiri ba. Lokutan da komawa ta fi sauƙi su ne farkon aji ɗaya na ƙaramar sakandare da farkon aji ɗaya na babbar sakandare, musamman ga wanda zai zauna WAEC ta 'yan makaranta, domin ana tara masa makin aji tun daga shekarar farko. Ku je wurin shugaban makarantar kafin a buɗe zangon Satumba, da fayil ɗin, da takardar haihuwa, da lambar NIN, ku kuma yarda a gwada yaron a sa shi a ajin da gwajin ya nuna.